Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa allon talla mai wuta, wanda da rana kala ɗaya da dare kala daban

Duk wanda yake harkar sainbod yanzu ya san kwastoma sun fara neman irin haruffan nan da za ka gansu baƙi ƙirin da rana, amma da magariba ta yi aka kunna wuta sai su koma fari tas. Aikin yana da kyau in an iya shi, amma wallahi yawancin wanda nake gani a bakin titi da rana kawai suke da kyau, dare na yi sai asiri ya tonu.

Kuskure na farko wajen kaya ne. Wani sai ya je ya sayi baƙin akirilik na gama-gari, wato robar nan mai tauri kamar gilashi, ya yanka haruffa, ya kunna wuta a baya ya ga shiru, to ai wannan ba ya barin haske ya wuce. Akwai akirilik na musamman da ake yi don wannan aikin, da rana baƙi ne, in wuta ta bugo shi daga baya sai ya yi fari. Ko kuma ka sami farin akirilik ka liƙa masa sitika mai ƙananan huji-huji, irin wadda kamfanin 3M suke yi, da rana ido kalar sitikar yake gani, da dare haske ya fito ta hujin. Kafin ka biya kuɗi ka haska fitilar wayarka ta bayan kayan ka gani da idonka.

Sai maganar yawan fitila, nan ne mutane suka fi faɗawa. Akirilik ɗin rana da dare yana shan haske sosai fiye da fari, don haka adadin ƙananan fitilun LED da kake sa wa farin harafi in ka sa shi a nan dishi-dishi za ka gani kamar aci-bal-bal. Dole ka ƙara. Amma kuma in harafin bai da zurfi, fitilun suka matso kusa da fuska, sai ka ga ɗigo-ɗigon haske, nan wuri ya yi haske can ya yi duhu, ana iya ƙirga fitilun daga tsallaken titi. Gyaran shi ne ka ba harafin zurfi kamar santimita 8 zuwa 10, in kuma dole siriri ake so to ka nemi LED mai lens da ke baza haske, ka matso da su kusa da juna. Sannan cikin harafin a shafa masa farin fenti, yara da yawa suna barin sa da kalar ƙarfe saboda wai ba wanda zai gani, alhali farin nan shi ke dawo da hasken gaba.

Kar ka haɗa LED mai 6500K da mai 3000K a allo ɗaya, ɗaya fari ne mai shuɗi-shuɗi ɗaya kuma kamar ruwan ƙwai, harafi ɗaya sai ya fita daban.

Wajen wuta kuma, ana yawan cika wa tiransifoma, wato ɗan akwatin da ke rage ƙarfin wuta ya ba fitilun, kaya har wuya. In fitilunka guda 100 ne kowace wat 1.2, jimla wat 120 ke nan, to mai 150 za ka saya ba mai 120 ba, ka bar mata wurin numfashi musamman da zafin nan namu na Maris da Afrilu ga wutar NEPA da janareto da ke hawa da sauka. Haka kuma jera fitilu masu ƙarfin wuta bolt 12 da yawa a layi ɗaya yana sa na ƙarshe su dushe, ka raba layin, kowane rukuni ka ja masa waya daga tiransifoma.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne wanda zai toshe ko'ina da silikon yana cewa ruwa ba zai shiga ba. Zai shiga mana, damina ɗaya ta isa, kuma in ya shiga bai da hanyar fita. Ka huda ƙananan ramuka a ƙasan kowane harafi, ka sayi fitilu masu lambar IP65 ko sama, wato masu jure ƙura da ruwa. Akirilik kuma yana buɗewa da zafi, mai tsawon mita 2 zai iya ƙara kusan milimita 4 tsakanin sanyin asuba da tsakar rana, in ka ɗaure shi tam da sukuru sai ya lanƙwashe ko ya tsage daga wajen hujin, don haka ka ɗan faɗaɗa ramin sukurun.

In allon na fileks ne, wato ledar nan mai kauri da ake buga talla a kanta, ka tabbata wanda ake haskawa ta baya aka buga maka, kuma ka ce wa mai firintin ya ninka tawada, in ba haka ba jan da kake gani da rana da dare sai ya koma fari-fari kamar atamfar da ta sha wanki. Kafin a ɗora kuma ka kashe fitilar shago ka kunna allon, ka ja baya kamar taku 20 ka duba, gyara a ƙasa ya fi sauƙi a kan gyara bisa tsani kwastoma yana tsaye yana kallonka.