Kurakuran da ake yi wajen sayen jakar goyo ta doguwar tafiya

Wanda zai yi wata biyu ko uku yana yawo a ƙasashen waje da ɗan guzuri, yau motar haya daga Kwatano zuwa Lome, wani watan kuma jirgi mai araha tsakanin Kuala Lumpur da Bangkok, jakar goyonsa ce ɗakinsa. Amma sau da yawa ita ake bari sai ƙarshe, a saye ta ana gobe tafiya, abin da aka duba kawai launi ne da yawan aljihu.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne sayen ƙatuwar jaka. Da lita ake auna cikin jakar goyo, kuma masu lita 65 ko 70 an yi su ne domin masu hawan duwatsu, waɗanda ke ɗaukar tanti da tukunya da abincin kwanaki. Kai da za ka kwana a masauki ka ci abinci a bakin titi, me za ka zuba a ciki? Za ka cika ta dai, domin ba a barin jaka da sarari, sai a ce bari a ƙara takalmi ɗaya ko da za a buƙata. A filin jirgi ake gane an yi ɓarna. AirAsia kilo 7 kacal yake yarda ka shiga da shi cikin jirgi, jakar kuma kada ta wuce santimita 56 da 36 da 23. Ryanair a Turai ƙaramar jaka mai shiga ƙarƙashin kujera kaɗai yake bari kyauta, mai kilo 10 ma sai ka biya. Idan jakarka ta wuce awo, kuɗin da za a caje ka a bakin ƙofar jirgi yana iya zarce kuɗin tikitin kansa. Lita 35 zuwa 40 ta ishi mai zuwa ƙasashe masu zafi, in dai zai riƙa wanki duk mako. Kuma ka ɗora jakar a sikeli tun babu komai a cikinta: wadda ita kanta ta kai kilo biyu da rabi ta riga ta cinye fiye da kashi ɗaya cikin uku na kilo bakwai ɗin nan.

Na biyu ya fi wancan muni, domin jiki yake ci. Mutane suna zaton kafaɗa ce ke ɗaukar jakar goyo. A jakar da aka ƙera da kyau, ƙugu ne ke ɗaukar mafi yawan nauyin, kafaɗa riƙo kawai take yi don kada jakar ta rinjaya baya. Mace mai goyo ta san wannan, shi ya sa take ɗaure majanyi yaro ya zauna a kan ƙugunta. Saboda haka jakar da bel ɗin ƙugunta siririn maɗauri ne babu soso, ko kuma babu shi gaba ɗaya, jakar makaranta ce ko da an rubuta mata lita 50.

Bel ɗin kuma ba zai yi amfani ba sai tsawon jakar ya dace da tsawon bayanka, ba tsawonka gaba ɗaya ba. Ka sunkuyar da kai, ka lalubi ƙashin nan da ke turowa a gindin wuya, wani ya auna maka da tef daga nan zuwa daidai saman ƙashin ƙugu. Mutum biyu masu tsayi ɗaya suna iya bambanta sosai a wannan awon. Kamfanoni irin su Osprey da Deuter suna yin jakunkunan da ake matsar da maratayin kafaɗa sama ko ƙasa, suna kuma yin na mata daban, masu gajeren baya da maratayi mai lanƙwasa. Kada a gwada jaka babu kaya a ciki, kowace jaka daɗi gare ta a haka. Ledar fiya wata mai ƙulli 20 kilo 10 ce cif. Ka zuba ƙulli 14 ko 16, ka fara ɗaure ƙugu, sannan ka ja na kafaɗa, sannan ƙananan igiyoyin nan biyu na saman kafaɗa, ka yi ta zagaye na minti goma sha biyar. In mai shago ya ƙi yarda, akwai shago na gaba.

Sai maganar baki. Jakar da ake buɗewa ta sama kaɗai, duk abin da kake nema yana ƙasa. A kan iyakoki irin su Seme ko Aflao, inda jami'i kan ce buɗe mu gani, sai ka zazzage komai a kan tebur motarku tana jira. Nemi wadda zif ɗinta ke zagayawa ta buɗe kamar akwati, mai kawunan zif biyu da ke haɗuwa a sa musu ƙaramin kwaɗo.

Ba laifi ba ne a sayi gwanjo. Ni a ganina tsohuwar jaka ta ainihi daga Ƙofar Wambai ta fi sabuwa ta jabu mai ɗauke da babban suna, wadda maratayinta zai tsinke a mako na biyu. Sai dai a san abin dubawa. A juya kan zif a ga ko an rubuta YKK, sunan wani sanannen kamfanin zif, a ja shi sau da yawa, musamman a kwana. A finciki maratayi da ƙarfi a wajen da aka ɗinke shi da jikin jaka. A matsa soson baya da na ƙugu, in bai taso ba ya mutu. A leƙa ciki kuma: in shafin da ke hana ruwa shiga ya fara ɓarewa ko yana danƙo da wari, a bar ta. Shumeka zai gyara ɗinki, zai canja maɓalli, amma ba shi da maganin mataccen soso.

Kada a ruɗu da cewa jaka ba ta shan ruwa. Yadin yana iya tare yayyafi, amma ruwan damina a saman mota ta ɗinki da zif yake shiga. Babbar leda mai kauri a ciki, a zuba tufafi a ƙulle bakinta, ta fi rigar ruwan da ake lulluɓa wa jaka daga waje, wadda iska kan yaye.

Kuskure na ƙarshe shi ne tara komai wuri ɗaya. Babbar jaka za ta rabu da kai sau da yawa: a but, a saman mota, a ɗakin ajiya na masauki. Fasfo, katin rigakafin shawara, kuɗi, magunguna da waya su zauna a ƙaramar jaka da ba ta barin jikinka. Fawa bank ma nan ne wurinsa, domin dokar jiragen sama ta hana sa batirin litiyam irinsa cikin kayan da ake aunawa a kai ƙasan jirgi. Iyakar da aka saba yarda da ita ba tare da neman izini ba 100Wh ce (Wh awon ƙarfin batiri ne), kuma mai 20,000mAh yana wajen 74Wh, don haka za a bar ka ka shiga da shi. In kuwa dole ta sa ka ba da babbar jakar a awo, ka naɗe duk igiyoyin da ke reto ka ɗaure bel ɗin ƙugu ta baya, kada injin jan kaya ya kama su ya yage.