Darasi na Tara: Haiti, Ƙasar da Bayi Suka Ƙwaci Kansu

A buɗe taswira. Kowa ya ɗora yatsa a gaɓar Afirka ta Yamma, ya ja shi yamma har ya ƙetare Tekun Atilantika. Tsibiran nan da kuka tarar su ne na Karibiyan. Gabas da Kuba akwai babban tsibiri da ƙasashe biyu suka raba: Jamhuriyar Dominika a gabas, Haiti a yamma. Haiti ƙasa ce mai tsaunuka, mutanenta sun haura miliyan 11, babban birninta Port-au-Prince.

Karatu

A 1697 yammacin tsibirin ya koma hannun Faransa. Faransawa suka kafa gonakin rake da kofi, suka riƙa jigilar bayi daga Afirka. An kwaso mutane masu yawa daga Kwango da Dahomi, kuma a takardun gonakin akwai Hausawa. Aikin rake ya riƙa cin rayukansu, masu gona kuwa sai su sayo wasu.

A watan Agusta na 1791 tura ta kai bango. Bayi suka cinna wa gonaki wuta. Toussaint Louverture, wanda shi ma a bauta aka haife shi, ya zama jagoransu. Faransawa suka kama shi da yaudara, ya rasu a kurkuku a Faransa a 1803. Dessalines, ɗaya daga cikin kwamandojinsa, ya ci gaba da yaƙin har ya ga bayan sojan Napoliyon, shugaban Faransa na lokacin. Ranar 1 ga Janairu, 1804, Haiti ta ayyana 'yancinta.

Ku kula da wannan wuri sosai, don shi ne zuciyar darasin. A 1825 Faransa ta turo jiragen yaƙi, ta ce sai Haiti ta biya diyyar faran (kuɗin Faransa na lokacin) miliyan 150 ga waɗanda suka rasa gonaki da bayi. Wanda aka zalunta shi aka sa ya biya azzalumi! Daga baya an rage kuɗin zuwa miliyan 90, amma Haiti bashi ta ciwo ta biya, kuma ba ta rabu da wannan bashi ba sai 1947. Kuɗin da ya kamata a gina makarantu da asibitoci da shi duk ya ƙetare teku. Wanda zai yi maganar talaucin Haiti, to ya fara daga nan. Mugayen shugabanni da girgizar ƙasa ta 12 ga Janairu, 2010 sun ƙara wa wahalar nauyi.

Yau mutanen karkara na noman masara, wake, ayaba da mangwaro, suna yin aikin gayya. Gidaje da dama kan kuɗin da 'yan uwa ke aikowa daga waje suka dogara. An sare itatuwa don yin gawayi, ruwan sama na wanke ƙasar noma. Kowa na jin harshen Kiriyol, Faransanci kuwa sai wanda ya yi makaranta. Duk ranar 1 ga Janairu ana dafa miyar kabewa da nama a raba wa maƙwabta, domin an ce a zamanin bauta bayi ke dafa ta amma ba a barin su sha.

Aiki

1. Rubuta wannan jimla sau uku: Haiti ta sami 'yanci a 1804.
2. Daga 1791 zuwa 1804 shekara nawa ke nan? Daga 1825 zuwa 1947 fa?
3. Cire miliyan 90 daga miliyan 150.
4. Ku zauna bibbiyu, kowa ya gaya wa ɗan uwansa yadda bashi mai ruwa ke hana gida ci gaba, sannan ya rubuta jimla biyu a kai.