Yadda za ka samu shiga taron masu Nobel a Jamus daga nan Katsina

Duk ƙarshen Yuni zuwa farkon Yuli akwai wani taro da ake yi a Lindau, wani ɗan tsibiri a tafkin Bodensee can kudancin Jamus, tun 1951 ake yinsa. Masu lambar Nobel ne ke zama da matasan masu bincike kusan 600 tsawon mako guda, wata shekara fiziks, wata kemistiri ko likitanci, haka ake juyawa. 'Yan lissafi da kwamfuta su kuma nasu yana Heidelberg a watan Satumba, an fara shi 2013, mutum 200 ake ɗauka su haɗu da masu lambar Abel da Fields da Turing. Ɗan Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua (UMYU) ko ta Dutsin-Ma ko Al-Qalam ko jami'ar sufuri ta Daura duk yana da damar nema, matsalar dai yawancinmu sai an rufe muke jin labari.

To ka fara da kalanda. Na Heidelberg kai da kanka za ka cike a shafinsu, ana buɗewa wajen Nuwamba a rufe wajen Fabrairu, kuma ɗan digirin farko ma yana iya nema. Na Lindau ya ɗan fi wuya, galibi wata cibiyar da suke hulɗa da ita ce ke miƙa sunanka, irin su TWAS, wato cibiyar kimiyya ta duniya mai tallafa wa ƙasashe masu tasowa, kuma 'yan ƙasa da shekara 35 suka fi nema. Tun kaka ake fara wannan, kusan shekara guda kafin taron.

Inda mutanenmu suka fi faɗuwa shi ne takardar bayanin dalilin son zuwa. Kowa sai ya rubuta wai tun yana yaro yake son kimiyya kuma yana so ya ciyar da Najeriya gaba, mutum dubu sun rubuta hakan kafin kai malam. Ka faɗi abin da kake yi a lab ko a gona, in kana auna gurɓatar ruwan rijiyoyi ne a Jibiya ka ce haka, wace hanya ka bi, me ka gano, ina ka maƙale. Wannan wurin da ka maƙale ɗin ma ya fi komai amfani don shi ke nuna da gaske kake aikin. Sai wasiƙar shaida, kar ka bi wani babban farfesa da bai san fuskarka ba don kawai sunansa, sufabaizanka da ya san wahalar da ka sha ya fi, ka ba shi lokacin wata guda ya rubuta, ka riƙa leƙa ofis da ladabi kana tuna masa.

Suna turo takardar gayyata ka nemi ranar biza a satin. Bizar Schengen ce, wato ta shiga rukunin ƙasashen Turai da Jamus ke ciki, ana iya nema tun saura wata shida, kuɗinta Yuro 90 amma dokarsu ta yafe wa mai bincike da zai je taron kimiyya, sai ka nuna gayyatar. Inshorar lafiya mai ɗaukar nauyin jinya har Yuro 30,000 dole ce, fasfo kuma ya zama yana da sauran wata uku bayan ranar dawowarka. Masauki da abinci yawanci an ɗauke maka, kuɗin jirgi ne za ka tambaya tun wuri ko akwai tallafi.

In ka isa, don Allah a rage selfi. Laccar babban zaure za ka same ta a intanet daga baya, abin da ba za ka samu ba shi ne ƙananan zaman da ake yi da su, cin abincin rana ko tattaki da mai Nobel mutum kaɗan, kuma rajistar nan da nan take cika, ka yi da zarar an buɗe. Ka zaɓi mutum biyu ko uku da aikinsu ya taɓa naka, ka karanta su tun a gida, ka tanadi tambaya ɗaya gajera. Kunyar nan tamu ta gaban manya ka ajiye ta a filin jirgin Kano, can ba a ɗaukar shiru a matsayin ladabi, tsofaffin nan jira suke a tambaye su. Ni a ganina ma sa'anninka sun fi su amfani gare ka, wata 'yar Indiya ko ɗan Brazil mai injin da babu a sashenku, shi za ka aika wa samfur nan da shekara biyu, don haka ka iya bayanin aikinka cikin minti ɗaya kuma ka karɓi imel.

Lokacin Lindau rana ba ta faɗuwa sai bayan tara na dare, asuba kuma da wuri ƙwarai, ka saita manhajar salla kafin ka tafi. Wajen rajista ka zaɓi abincin da ba nama ko na halal, in ka ga Schwein a jikin abu alade ne. Ka tafi da rigar sanyi ko da sun ce bazara ce, musamman ranar ƙarshe da ake hawa jirgin ruwa zuwa tsibirin Mainau.