Kurakuran da magoya bayan North Melbourne suka fi yi idan ana maganar matasan 'yan wasa

Wanda duk ya goyi bayan North Melbourne a 'yan shekarun nan ya saba da zaman jiran gobe. Ƙungiyar ta ɗauki kofin gasar AFL, babbar gasar ƙwallon ƙafa irin ta Ostireliya, har sau huɗu: 1975, 1977, 1996 da 1999. Amma daga 2017 zuwa 2025 ko sau ɗaya ba ta shiga wasannin ƙarshen kaka ba. Ita ce ta ƙarshe a teburi a 2021 da 2022, sannan ta zo ta 17 cikin 18 a 2023 da 2024. Idan gida ya shiga irin wannan hali, hirar magoya baya kan koma kan yara: wa aka ɗauko, wa zai zama gwarzo, wa ya kamata a sallama. Ina son wannan hirar, kuma da ni ake yin ta. Abin da ke damuna shi ne yadda muke maimaita kuskure iri ɗaya kowace shekara, har mu zalunci yaron da bai cika shekara ashirin ba.

Ga wanda ya saba da ƙwallon Turai, sai an ɗan yi bayani. A AFL ba a sayen ɗan wasa da kuɗi daga wata ƙungiya, kuma akwai iyakar albashin da kowace ƙungiya za ta biya. Babbar hanyar samun sabon jini ita ce daraf, wato zaɓen matasa da ake yi duk watan Nuwamba, inda wadda ta ƙare a ƙasan teburi take fara zaɓa. Daga nan kuskuren farko yake tasowa.

Ɗaukar lambar zaɓe a matsayin alkawari

Da zarar an ce yaro shi ne na ɗaya ko na biyu a daraf, sai mu ɗora masa ƙungiyar gaba ɗaya a ka. Wanda aka ɗauka a can ƙasa kuwa, ko sunansa ba ma riƙewa. Tarihin ƙungiyarmu da kansa ya ƙaryata wannan lissafi. Brent Harvey, wanda ya buga mana wasa 432, na 47 aka ɗauke shi a 1995. Ben Brown ma na 47 ne a 2013, kuma ya ci ƙwallo sama da 60 a kowace kaka daga 2017 zuwa 2019. Nick Larkey na 73 ne a 2016. Tristan Xerri na 72 a 2017. Shi kuma Jason Horne-Francis, wanda muka ɗauka na ɗaya a 2021, kaka ɗaya ya yi mana ya nemi komawa jiharsu, aka tura shi Port Adelaide.

Ba wai lambar ba ta da ma'ana ba ne. 'Yan goman farko sun fi yawan yin nasara, shi ya sa ƙungiyoyi ke kokawa a kansu. Amma abin da lambar take faɗa shi ne yadda masu farautar 'yan wasa suka ga yaro yana ɗan shekara 18, a tsakanin sa'o'insa. Ba ta san yadda jikinsa zai ɗauki karo da ƙarti ba, ba ta san ko zai jure zama nesa da iyayensa ba. Gyaran a nan mai sauƙi ne: bayan daren daraf, a ajiye lambar. A tambayi wane aiki koci ya ba shi, kuma yana yin sa ko ba ya yi.

A kan Horne-Francis akwai kuskure na biyu da ɓacin rai ke jawowa, wato cewa dama can ba ɗan wasa ba ne. Ɗan wasa ne, kuma ya nuna haka a Port Adelaide. Tambayar da ta dace ita ce yadda ƙungiyar da ke shan kashi za ta riƙe yaron da ta ɗauko daga wata jiha. Saboda haka duk lokacin da ake yabon wani matashi, a haɗa da tambayar daga ina yake, kuma shekara nawa ya sa wa hannu.

"Me ya sa ba mu ɗauki Ashcroft ba?"

Wannan tambaya takan dawo duk lokacin da Will Ashcroft ya haskaka wa Brisbane, balle da ya karɓi lambar Norm Smith ta gwarzon wasan ƙarshe a 2024, ya sake karɓa a 2025. Amsar ita ce mun neme shi. A daraf ɗin 2022 North ce ta kira sunansa a lamba ta biyu, Brisbane ta biya ta riƙe abinta. Dokar ɗa da uba ce ta ba ta dama: idan mahaifin yaro ya buga wa ƙungiya wasa 100 ko fiye, ƙungiyar tana da ikon daidaita duk tayin da aka yi a kansa ta hanyar ba da makin zaɓukanta na gaba. Mahaifinsa Marcus ya buga wa Brisbane sama da wasa 300. Haka aka sake yi a 2023 da Jed Walter: mun kira shi a lamba ta uku, Gold Coast ta riƙe shi domin ɗan makarantar horonta ne. Mu ma mun ci moriyar dokar ɗa da uba a kan Luke McDonald da Jackson Archer da Cooper Harvey. Kafin a zagi masu zaɓe, a duba ko yaron yana kasuwa tun farko.

Ƙirga taɓa ƙwallo kawai

Wannan shi ne kuskuren da ya fi cin raina, domin mai yin sa yana ganin da hujja yake magana. Ana tashi daga wasa sai a buɗe waya a duba wa ya fi yawan rabon ƙwallo, ko da ƙafa ko da bugun dunƙule. Mai 30 ya yi wasa, mai 12 ya yi barci. An gama shari'a.

A ɗauki Harry Sheezel. Mun ɗauke shi na uku a 2022 a matsayin ɗan gaba, domin a gaba ya yi suna a ƙungiyar matasa ta Sandringham Dragons. Koci Alastair Clarkson ya mayar da shi baya, kuma a wasansa na farko, da West Coast, ya raba ƙwallo sau 34. A ƙarshen 2023 ya ɗauki kyautar matashin da ya fi fice a gasar, ya haɗa da lambar Syd Barker ta gwarzon ƙungiya. Yaron ya cancanci duk wannan, kuma ni ina cikin masu ganin shi ne ginshiƙin gidan nan na shekaru masu zuwa. Amma a lura da inda ya tsaya. Ƙungiyar da ake yawan kai wa hari, ƙwallo a bayanta take wuni. Duk lokacin da abokan hamayya suka ci maki ɗaya, wato ƙaramin ci irin na ƙwallon da ta wuce ta gefen raga, wani ɗan baya ne zai fito da ƙwallo daga gida, kuma idan ya fita daga ɗan murabba'in da ke bakin raga kafin ya buga, an ƙirga masa. Sau da yawa ba mai matsa masa a lokacin. Haka Colby McKercher, na biyu a 2023, ya tara lambobi masu yawa daga wannan wurin a kakarsa ta farko. Wannan ba laifinsu ba ne, kuma ana ba mutum wannan aiki ne saboda ƙafarsa tana da saiti. Kuskuren namu shi ne gwada 30 ɗin ɗan baya da 18 ɗin wanda ke cikin turmutsutsun tsakiya, kamar abu ɗaya suke aunawa.

George Wardlaw, wanda aka ɗauka daf da Sheezel a lamba ta huɗu, shi ne ɗaya gefen. Lambobinsa ba sa cika ido. Amma wanda ya kalli wasa ya san yadda yake faɗawa cikin cunkoso da kai, ya ƙwato ƙwallon da ba ta kowa ba, ya cafke mutum ya kayar. Irin wannan taɓawa ɗaya takan fi uku na can baya tsada.

To me za a duba? Ƙwallon da ya ƙwato ana kokawa, da sau nawa ya fitar da ita daga cunkoso bayan alƙali ya tayar da wasa, da sau nawa hannunsa ya shiga harin da ya ƙare da maki, da kuma sau nawa ya miƙa wa abokin hamayya. Duk waɗannan ana wallafa su. Sannan a kalli wasan da ido, a bi yaro ɗaya na tsawon kwata guda ko da ƙwallo ba ta wurinsa: yana komawa tsaro da gudu ko yana tafiyar ƙasaita? Sheezel ya raba ƙwallo sau 54 a wasa da Richmond a 2025, ya kamo tarihin da Tom Mitchell ya kafa a 2018. Na yi murna ƙwarai. Amma abin da ya fi gamsar da ni game da shi shi ne da aka matsar da shi tsakiya da gaba, inda ba a samun ƙwallo a ɓagas, bai ɓace ba.

Gaggawa da dogaye

Ɗan tsakiya mai sauri zai iya shiga babbar gasa yana ɗan shekara 18 ya yi abin kirki. Dogon ɗan gaba, ko dogon ɗan baya, ko rak, wato mai tsallen doke ƙwallo idan alƙali ya tayar da wasa, ba haka suke ba. Aikinsu ƙirji da ƙirji ne da mutanen da suka shekara goma suna ɗaga ƙarfe. Yaro mai tsawon kusan mita biyu yakan zo siriri kamar sillen kara, sai ya ɗauki shekara huɗu ko biyar kafin jikinsa ya cika.

Larkey ya kwashe shekararsa biyu na farko kusan duka a rukuni na biyu, a gasar VFL. Sai a 2019 ya samu gurbi na dindindin, kuma sai a 2023 ya ci ƙwallo 71 ya shiga jerin gwanayen gasar na shekara. Shekara bakwai ke nan daga ranar da aka ɗauke shi. Xerri ya daɗe a inuwar Todd Goldstein, babban rak ɗin ƙungiyar a lokacin, har ya nemi a sake shi ya tafi St Kilda a 2021, ƙungiya ta ƙi. Da Goldstein ya koma Essendon a ƙarshen 2023, sai ga Xerri ya zama ɗaya daga cikin rak mafi ƙarfi a gasar. Da an bi ta masu cewa a sallame shi, da yanzu muna kallonsa a rigar wasu.

Wani lokacin ma ba lokaci ne matsalar ba, wurin tsayuwa ne. Majak Daw, haifaffen Khartum kuma ɗan asalin Sudan na farko da ya buga AFL, ya fara mana wasa a 2013. An yi ta gwada shi a gaba da rak, yana shiga yana fita. Sai a 2018 da aka mayar da shi baya aka ga ainihin abin da tsallensa da ƙarfinsa za su iya. Don haka kafin a ce dogon yaro ba shi da amfani, a ƙirga wasanninsa. Idan bai kai 50 ba, shari'ar ba ta nuna ba tukuna. A kuma tambaya ko an taɓa gwada shi a ɗaya ƙarshen filin.

Ruɗuwa da gajeren bidiyo, da laƙaba wa yaro sunan wani

Bidiyon minti uku na wasannin 'yan ƙasa da shekara 18 ba ya nuna ƙwallon da yaro ya zubar. Kowa gwani ne a irinsa. Wanda ya buga da manya a gasannin jihohi irin su SANFL ko WAFL ko VFL ya fi ba da abin dogaro, ko da lambobinsa sun fi ƙanƙanta. Kuma don Allah a daina kiran kowane dogon ɗan gaba sabon Wayne Carey, shahararren tsohon ɗan gabanmu. Kaya ne da ba wanda zai iya ɗauka.

Haka batun rauni. Wardlaw ya yi fama da tsokar bayan cinya tun kafin a ɗauke shi, ya kuma sha buguwa a kai. Idan likitoci suka zaunar da shi, ba ragwanci ba ne. A irin wannan yaron, abin farin ciki shi ne a ga ya jera wasanni ba tare da ya koma jinya ba.

Fatan a ci mu domin a samu lamba ta ɗaya

A wasan ƙarshe na 2023, a Hobart, North ta shiga fili bayan an ci ta sau 20 a jere. Da ta sake faɗuwa, da ita ce ta ƙarshe a teburi, da kuma ta samu Harley Reid, yaron da duk ƙasar ke magana a kansa. Sai ta doke Gold Coast, Larkey ya ci ƙwallo tara, Reid ya tafi West Coast. Har yau akwai 'yan'uwa magoya baya da ke kiran wannan nasara asara.

Na fahimci zafin, amma ban yarda ba. Shekara biyu kacal kafin nan muka riƙe lamba ta ɗaya a hannu, muka ga yadda ta ƙare. Abin da ke sa yaro ya zauna a ƙungiya, ya ƙara sa hannu, shi ne ya ga alamar ana zuwa wani wuri. Sheezel da Wardlaw suna shekararsu ta farko a lokacin, kuma tun watan Maris rabon ƙungiyar da ta ci wasa ta rera waƙarta ta nasara a ɗakin sauya kaya. Ba za ka ce wa irin waɗannan yara su sassauta ƙafa yau, sannan gobe ka nemi su mutu a kan ƙwallo ba. A daraf ɗin da ya biyo baya mun ɗauki McKercher a lamba ta biyu da Zane Duursma a ta huɗu, aka ƙara da Finn O'Sullivan a ta biyu a 2024. A 2025 ƙungiyar ta ci wasa biyar ta yi canjaras ɗaya, kuma canjaras ɗin da Brisbane ne, wadda ta ɗauki kofi a shekarar.