Kurakuran da aka fi yi a noman auduga, da yadda ake auna ɓarnarsu

Tambayi manomin kaɗa a Funtuwa ko Gusau abin da ya samu bara, nan take zai faɗa maka buhu kaza. Tambaye shi girman gonar, sai ka ji "za ta kai eka biyar." Daga wannan "za ta kai" ɗin sauran kurakurai suke tasowa. Taki da maganin feshi duk a kan girman fili ake lissafa su. Wanda ya ɗauki eka uku a matsayin biyar zai zuba wa ƙasa fiye da ƙima, kuɗinsa ya tafi, rarar kuma ruwan sama ya kwashe ta zuwa rafi. Gyaran ba wuya: wayar hannu mai GPS tana auna gona, zagaya iyakarta kawai za ka yi da ƙafa. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, kusan eka biyu da rabi. Sai ka nemi ɗan littafin makaranta ka rubuta, domin duk awon da za a yi nan gaba a cikinsa zai zauna.

Inda ɓarna ta fi yawa shi ne feshi. Da yawa suna fesawa ne don maƙwabci ya fesa, ko don sati ya zagayo, ba tare da sun ɗaga ko ganye ɗaya ba. Kafin ka goya tanki, shiga gonar da safe ka ratsa ta kusurwa zuwa kusurwa, ka tsaya a kan gindi kamar ashirin. Juya ganye ka duba bayansa, ka leƙa fure da ƙwallo. Akwai ƙwan tsutsa? Akwai huji? Ganye ya naɗe? Ƙidaya, ka kai wa malamin gona ya gaya maka ko abin ya kai na feshi. Gizo-gizo da sauran ƙwarin da ke cinye maɓarnata ma'aikatanka ne na kyauta, kuma su feshin ganganci yake fara kashewa.

Sannan ga awo da murfin kwalba, da "ƙara hannu" wai don ya fi ƙarfi. Ba ƙarfi yake ƙarawa ba, guba yake ƙarawa a jikinka da ƙasarka. Wani kuma sai ya ce ya canza magani, alhali sunan kamfani kawai ya canza. Karanta ƙananan rubutun da ke jikin kwalbar: cypermethrin da lambda-cyhalothrin, misali, dangi ɗaya ne, tsutsar da ta saba da wannan ba wuya ta shanye wancan. Idan ka ga endosulfan, ajiye wa mai shago abinsa, tun 2011 aka sa shi cikin jerin gubar da yarjejeniyar Stockholm ta haramta. Fesa da yamma, don da safe furen auduga yake buɗewa ƙudan zuma su sauka. Kwalbar da ta ƙare a ɗauraye ta sau uku, a juye ruwan cikin tanki, a huda ta. Abin takaici ne ka shiga gida ka tarar da ita an zuba man gyaɗa a ciki, ko yaro yana ɗiban ruwa da ita.

A littafin nan rubuta ranar feshi, sunan sinadarin da yawansa. Ƙarshen kaka ka raba da kilo nawa ka cira. Wannan shi ne awon gaskiya, wato magani nawa kowane kilo ya ci.

Taki ma haka. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin. Idan aka watsa shi a sarari ba a rufe ba, wani kaso ya bi iska. Idan ƙasa ta jiƙe sharkaf kuma, yakan fitar da wata iska da ta fi hayaƙin kabon dumama duniya wajen sau 273. A tona gefen gindi a binne, a raba shi kashi biyu. A daina maimaita auduga a gona ɗaya shekara da shekaru, a riƙa sauya ta da dawa, wake ko gyaɗa, a kai takin dabbobi. Shuka kuma kada ta wuce tsakiyar Yuni zuwa farkon Yuli. Na san dalilin jinkirin, hatsi ake fara yi wa hidima, amma audugar da ta makara taki ba ya ceto ta.

Iri: anguryar da aka kwaso ko'ina gauraye take. A nemi irin SAMCOT na cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru. Wanda ya zaɓi irin Bt, wato audugar da aka gyara ƙwayar halittarta, da Najeriya ta amince da shi a 2018, ya sani tsutsa yake kashewa, ba ƙwarin da ke tsotson ganye ba. Burkina Faso kuwa ta bar nata a 2016 saboda gajartar zare.

Masu biro ma suna da nasu kuskuren. Sai a kwafo cewa riga ɗaya tana shanye lita 2,700 na ruwa, a kawo labarin tekun Aral da ban-ruwan auduga ya ƙafar tun daga shekarun 1960, a liƙa wa manomin Malumfashi. Tamu da ruwan sama take rayuwa, ba a janye kogi dominta ba. Abin dubawa a nan zaizayar ƙasa ce da gubar da ke gangarawa fadama. Wasu kuma sukan cakuɗa lissafin auduga mai angurya da gurzajjiya, alhali abin da ke fita daga injin gurza kashi ɗaya cikin uku ne da ɗoriya.

Bayan cira, kada a bar itacen a tsaye, nan tsutsa take yin rani ta jira damina. A tuge, a sare a binne, ko a ƙarar da shi a murhu kafin ruwa ya sauka. Kuma don Allah a rabu da zuba auduga a buhun taki. Zaren ledarsa yana shiga cikinta, ba ya kama rini, sai yadi ya fito da farin layi, masaƙa ta karya farashi. A ɗinka buhun yadin auduga, a ɗaure bakinsa da tsumma, ba igiyar leda ba.