Yadda za ka gano inda ƙarar ƙas-ƙas take fitowa a injin mota

Ƙas-ƙas ɗin da ake ji idan an buɗe bonet tana iya zama aikin injekta (abin da ke fesa wa inji fetur) na yau da kullum, tana iya zama fulogi ne ya kwance, tana kuma iya zama mital ne, wato siririn ƙarfen da karanshaf ke juyawa a kansa a ƙasan inji, ya fara ci. Ta farko ba ta buƙatar ko kwabo, ta ƙarshe kuwa tana iya cinye kuɗin inji guda. Abin da ke raba su shi ne wurin da ƙarar take fitowa, da lokacin da take zuwa, da yadda take bin totur. Duk ana gane waɗannan kafin a kwance noti ko ɗaya, don haka duk wanda ya ce a sauke inji tun bai kasa kunne ba, ka ce masa ya dakata.

Baƙin mai tukuna

Ka ajiye motar a wuri mai shimfiɗa, ka kashe ta, ka jira minti biyar zuwa goma mai ya koma ƙasa. Zaro gejin mai, ka goge, ka mayar har ƙarshe, ka sake zarowa. A yawancin ƙananan motoci tsakanin alamar ƙasa da ta sama lita ɗaya ce ko fiye da haka kaɗan. Idan man ya gaza alamar ƙasa, famfo yakan zuƙi iska, kuma saman inji ne ke fara jin ƙishirwa domin shi ne mafi nisa da famfon. Ƙara mai irin wanda ke ciki, ka tayar, ka saurara. Sau da yawa maganar a nan take ƙarewa. Sai dai tambaya ta rage: ina man ya tafi? Camry ta 2007 zuwa 2009 mai injin 2AZ-FE ta yi suna wajen shan mai ta ringin fistin ba tare da ɗigo ko ɗaya a ƙasa ba, mai irinta ya riƙa duba geji duk mako.

Man da ya wuce alamar sama shi ma matsala ne, domin karanshaf, sandar da fistin ke juyawa a ƙasan inji, yana kaɗa shi ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta riƙe tafet, wato abin da ke cike ratar da ke tsakanin bawul da abin da ke danna shi. Ka murza ɗigon man tsakanin yatsu ka shinshina. Idan ya tsinke yana warin fetur, ya rasa kaurinsa. Idan kuma fitilar mai ta kama a dashbod tare da ƙarar, kashe motar nan take, kada ka ce bari in ƙarasa gida. Fitilar ba ta kamawa sai matsin mai ya kusa ƙarewa gaba ɗaya.

Inji take bi ko taya?

Mota na tsaye, giya a firi, ka taka totur a hankali. Idan ƙarar ta ƙara sauri tare da inji, daga inji take ko abin da yake juyawa. Idan ba ka jin ta sai mota na tafiya, ka bar inji ya huta, ka duba tsakuwa ko ƙusa a taya. Wadda ke zuwa kat-kat-kat idan an karya sitiyari a kwana, shaf ne. Wadda ake ji bayan an kashe mota, tana raguwa a hankali, ƙarfen salansa ne ke hucewa, ba komai.

Yanzu ka ƙirga bugun. Kamshaf, sandar da ke danna bawul, yana juyawa rabin juyin karanshaf. Injin da ke silo a juyi 720 a minti kamshaf ɗinsa yana juyi 360 a minti, wato bawul guda yana bugawa sau shida a daƙiƙa. Bugun da kunne ke iya bi, siriri, daga sama, yawanci na ɓangaren bawul ne. Mai nauyi, ƙwal-ƙwal daga ƙasa, wanda ke ƙara ƙarfi idan an ba inji wuta, wannan wata magana ce da za a zo kanta.

Sauraro da sukundireba

Nemi doguwar sukundireba, ka dafa bakinta a jikin inji, ka manna kunne a mariƙinta. Guntun tiyo ya fi dacewa da neman inda iska ke fita. Kafin ka sunkuya, naɗe hannun riga, ka cire babbar riga ko hirami, domin fanbel ba ya jira, kuma fankar lagireto ta lantarki tana tashi da kanta ba tare da sanarwa ba.

Ka bi wuraren ɗaya bayan ɗaya: murfin bawul daga gaba zuwa baya, kowace injekta, murfin cen (sarƙar da ke haɗa karanshaf da kamshaf), jikin altaneta, sannan gefen bulok da kwanon mai. Inda ƙarar ta fi kaifi nan ne gidanta. Injekta lafiyayya tana yin kyat-kyat daidai wa daida, kuma dukkansu murya ɗaya suke yi. Wadda ta yi shiru ita ce abar zargi. Injunan da ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda sun fi kowa wannan ƙara saboda famfonsu mai ƙarfin matsi, haka aka ƙera su. Akwai kuma ƙaramin bawul na lantarki da ke mayar da tururin tanki cikin inji, yana ƙas-ƙas ya ɗauke ya dawo. Zare soket ɗinsa. Idan ƙarar ta tsaya, shi ne, kuma aikinsa yake yi.

Idan ƙarar tana gaban inji, zana yadda fanbel ya zagaya, ka cire shi, ka tayar da inji na ƙasa da minti ɗaya, tunda a motoci da yawa shi ke juya famfon ruwa. Ƙarar ta ɓace? To ka juya kowane fule da hannu, ka nemo mai gurzawa ko mai wasa.

Sanyi da zafi

Ƙarar da ke fitowa da safe ta ɓace bayan 'yan mintuna, ka fara zargin manifol na salansa, wato bututun da ke kwashe hayaƙi daga kan silinda zuwa salansa. Gasket ɗinsa ya ƙone, ko ƙusarsa ɗaya ta karye, ko shi kansa ya tsage. Idan ƙarfe ya yi zafi sai ya kumbura ya toshe kafar. Mutane da yawa sun canza tafet a banza saboda wannan. Haska tocila inda manifol ya haɗu da kan silinda, ka nemi baƙin toka kamar na fitilar aci-bal-bal. Inji na sanyi, wani ya toshe bakin salansa da tsumma na 'yan daƙiƙu. Idan ƙarar ta ƙaru, ka samu. Kada a bar shi, domin hayaƙin yana shiga cikin mota.

Fulogin da ya kwance yana irin wannan ƙara, tsit-tsit mai iska. A duba shi inji na sanyi, a fara ɗaurawa da hannu, sannan a ƙarasa da sifana, ƙarfin ɗauri tsakanin 18 zuwa 25 Nm a yawancin injunan da kansu alminiyam ne. Idan aka bar shi yana rawa, yakan cinye zaren ramin ya yi tsalle waje.

Karrr na daƙiƙa ɗaya ko biyu da zarar an tayar, sannan shiru, alama ce ta mai na komawa ƙasa cikin dare. Fara da filta, domin mai arha ba ta riƙe mai idan an kashe mota. Idan an sa ta kirki abin bai daina ba, sai a duba abin da ke ɗame cen ko giyar kan kamshaf mai sauya lokacin bawul; Accord mai silinda huɗu ta 2008 zuwa 2012 an san ta da wannan. Ƙarar cen da ta ci gaba har inji ya yi zafi ba ta jira, domin cen na iya tsallake haƙori fistin ya haɗu da bawul.

Tafet

Nan ne aka fi yin kuskure, domin tafet iri-iri ne. Wasu da mai suke gyara kansu, kamar na Golf 3 da Corolla mai injin 2ZR-FE. Waɗannan ba a saita su. Idan datti ya toshe ramin mansu ko iska ta shiga, sai su yi ƙara. A yi juye da man da kamfani ya rubuta da filta mai kyau, a riƙe inji a juyi 2,000 zuwa 2,500 a minti na kimanin minti goma. Idan guda ya ƙi yin shiru, a buɗe murfi, a juya inji har tudun kamshaf ya kalli sama, a danna tafet ɗin da katako. Wanda ya lotsa cikin sauƙi ya mutu. A duba tudun kamshaf ɗin ma, idan ya cinye sabon tafet ba zai yi magani ba.

Wasu kuma ana auna ratarsu da fila geji, wato siraran ƙarafan auna rata, inji na sanyi ƙalau. Injin K24 na Honda da noti da sukuru ake saita shi, bawul ɗin shigar iska 0.21 zuwa 0.25 na milimita, na fitar hayaƙi kuwa ya danganta da shekara, a duba takardar da ke manne a bonet ko littafin motar. Corolla mai 1ZZ-FE tana son 0.15 zuwa 0.25 a shiga, 0.25 zuwa 0.35 a fita, kuma ba ta da sukuru, kofin tafet ɗin ake canzawa da mai kaurin da ya dace. A kiyayi mai ɗaure bawul tam don ƙara ta mutu. Bawul ɗin da ba ya rufewa sosai ba ya sauke zafinsa, sai ya ƙone. 'Yar ƙas-ƙas kaɗan ta fi wannan shirun alheri.

Haka nan ɗura 20W-50 a injin da aka rubuta wa 5W-30 yana rufe bakin ƙarar ne kawai, kuma man mai kauri yana jinkirin isa sama da safe, lokacin da aka fi buƙatarsa.

Idan daga ƙasa take

Kada a rikita ta da ƙarar da ke zuwa kyar-kyar idan ana hawan tudu ko an taka totur a babbar giya. Wannan fetur ne ke fashewa ba a kan lokaci ba, saboda gurɓataccen mai, ko zafin inji, ko fulogin da bai dace ba. A sauya gidan mai, a duba ruwa.

Don gwada mital, inji na silo, zare soket ɗin injekta ɗaya bayan ɗaya kana mayarwa. Zare na injekta ya fi zare na koyil, don kada ɗanyen fetur ya gangara salansa. Fitilar inji za ta kama, a goge ta daga baya. Idan ƙarar ta ragu sosai da aka kashe wata silinda, mital ɗin konrod ɗinta ne (sandar da ke haɗa fistin da karanshaf) ko fin ɗin fistin. Ƙarar bawul ba ta damuwa da wannan gwaji. Sannan a cire suwic ɗin mai a ɗaura gejin matsi, inji na da zafi. A 1ZZ-FE kada ya gaza 0.3 bar a silo, a juyi 3,000 kuma kimanin 3 zuwa 5.4 ake so.

A juye man a kwano mai tsabta a kai shi rana. Ƙyalƙyali mai ruwan tagulla ko azurfa wanda maganaɗisu bai kama ba garin mital ne. Wanda ya kama kuwa ƙarfen kamshaf ne ko cen. Da zarar an ga haka, janwe motar take buƙata. A sauke kwanon mai a fara duba rariyar famfo, domin daskararren mai da ragowar gam ɗin da aka lafta a wani gyaran baya su ne suka fi toshe ta. Idan karanshaf bai ji rauni ba, sabon mital ya isa. Idan ya karce, a kai shi a wanke, wato a rage kaurinsa da 0.25 na milimita, wanda kanikawa ke kira 010, a sa mital mai lambar da ta dace, a busa duk hanyoyin mai da iska kafin a haɗa, in ba haka ba garin ƙarfen da ya maƙale a ciki zai cinye sabon.