Yadda Ma'aurata Za Su Raba Shekararsu Tsakanin Hutu, Ziyarar Dangi da Hidimar Coci

Ma'aurata da yawa ba su ne ke tsara shekararsu ba, wasu ne ke tsara musu ita. Mahaifiyar miji ta bugo waya ta ce tana sa ran ganinsu a Kirsimeti, iyayen mata su aiko cewa an sa ranar bikin ƙanwarta a daidai makon da miji ya nemi hutu, ranar Lahadi kuma sakataren coci ya karanta sanarwa, sai kawai mata ta ji sunanta cikin kwamitin da ba a tuntuɓe ta a kansa ba. Dukan waɗannan abubuwa ne na alheri, shi ya sa ƙin su yake da nauyi a baki. Amma idan aka bar su suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, shekara za ta ƙare miji da mata sun halarci hidimar kowa, sun gaji tiɓis, ba su sami ko kwana biyu na kansu ba. Abin da ya kamata shi ne su riga kowa zama da kalanda, su ware nasu kwanakin tun kafin buƙatun jama'a su fara zuwa.

Ku zaɓi yamma ɗaya a ƙarshen Disamba ko farkon Janairu, ku zauna ku biyu da kalanda guda ɗaya, ko ta takarda da za a rataye a bango, ko ta waya wadda kowannenku zai iya buɗewa ya rubuta a ciki. Kada kowa ya riƙe tasa daban. Ku fara da ranakun da ba ku da iko a kansu. Kirsimeti ba ta motsi daga 25 ga Disamba, sai dai ranar mako da take faɗawa ce ke sauyawa, a 2026 Jumma'a ce, a 2027 Asabar, a 2028 kuma Litinin, wannan kuwa yana shafar yawan kwanakin da ma'aikaci zai samu a jere. Ista ce ke yaudarar mutane, domin ana yin ta ne a Lahadin farko bayan cikar wata da ta zo a ranar 21 ga Maris ko bayanta, saboda haka tana iya faɗuwa ko'ina tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. A 2026 ranar 5 ga Afrilu ce, a 2027 ranar 28 ga Maris, a 2028 kuma 16 ga Afrilu. Da zarar kun rubuta ta, sauran sun fito da kansu, domin a ikilisiyoyin da ke kiyaye azumin kwana 40 ana farawa ne ranar Laraba, kwana 46 kafin Ista, Fentikos kuwa, wato bikin saukowar Ruhu Mai Tsarki, ita ce Lahadi ta bakwai bayan Ista. Daga nan sai ku ƙara hutun makarantar yara, da babban taron shekara na ikilisiyarku, da lokacin da aikin kowannenku ya fi matsewa.

Abu na gaba da za a rubuta shi ne hutunku ku biyu, ba ziyarar dangi ba. A ganina wannan tsari ne ya fi komai muhimmanci, domin kwanakin da ba a rubuta ba kowa yana ganinsu fanko ne, ba mai jin nauyin roƙonsu. Ko a Dokar Musa, a Maimaitawar Shari'a 24:5, an keɓe wa sabon ango shekara guda ba a tura shi yaƙi, don ya zauna gida ya faranta wa matarsa rai. Yesu ma, a Markus 6:31, ya janye almajiransa zuwa wurin da ba kowa don su ɗan huta, lokacin da masu zuwa da tafiya suka hana su ko cin abinci. Ku ware ranar cikar shekarar aurenku, da aƙalla kwanaki uku ko huɗu a jere sau ɗaya a shekara, sa'an nan kowa ya miƙa takardar neman hutu a wurin aikinsa da wuri, tun abokan aiki ba su kame makonnin ba.

Batun ziyarar dangi ne ya fi kawo saɓani, don haka shi ya fi bukatar haƙuri. Umarni biyu ne ke kan ma'aurata a lokaci guda. Farawa 2:24 ta ce mutum zai bar mahaifinsa da mahaifiyarsa ya manne wa matarsa, Fitowa 20:12 kuma ta ce a girmama uba da uwa, ɗaya bai soke ɗaya ba. Hanyar da ta fi sauƙin fahimta ga iyaye ita ce karɓa-karɓa: idan bana an yi Kirsimeti a gidan iyayen miji, Ista ta zama ta iyayen mata, baɗi a juya. Wasu sukan mai da zagayen na shekara uku, ta ukun su zauna a gidansu su karɓi duk wanda ya zo, abin da ke ba yara damar sanin bikin a ɗakinsu da cocinsu. Adalcin kuwa ba a ƙidayar kwanaki yake ba. Idan gida ɗaya yana kusa ana leƙa shi kowane wata, ɗayan kuma tafiyar yini guda ce, ya dace na nesa ya sami kwanaki masu yawa a zuwa ɗaya. Haka nan idan wani cikin iyaye ya tsufa ƙwarai ko yana jinya, a jingine karɓa-karɓar a ba shi fifiko, amma a faɗa wa ɗaya gidan dalili a fili, kada a bar su suna zato.

Yadda ake isar da shawarar ya kai ita kanta shawarar muhimmanci. Kowa shi zai gaya wa nasa iyayen, da bakinsa, kuma da "mu" zai yi magana. Miji ya ce, "Mama, mun yi shawara, bana za mu yi Kirsimeti wajen su Baba, ku kuma muna nan tafe a Ista, in Allah ya yarda." Kada ya kuskura ya ce, "Ni da na so zuwa, ita ce ba ta yarda ba." Wannan jimla ɗaya takan ɓata tsakanin suruka da matar ɗanta na shekaru, alhali shi mijin ya manta ya taɓa faɗin ta. Mata ma haka, kada ta laɓe bayan mijinta a gaban iyayenta. In kuwa an tare ɗayanku da roƙo ba zato, amsar da ba ta ɓata wa kowa rai ita ce, "To, bari mu duba, zan kira ki gobe." Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, dangi kuma suna saurin gane wanda ya fi taushi cikin ma'aurata, su riƙa bi ta wurinsa.

Kafin ku kama hanya, ku yanke ranar dawowa ku kuma sanar da masu masaukin tun farko, domin ziyarar da ba ta da ranar ƙarewa takan gajiyar da mai gida da baƙo gaba ɗaya. Karin Magana 25:17 ma ta gargaɗi mai yawan zuwa gidan maƙwabci cewa za a gaji da shi. Ku daidaita tsarabar da za ku kai gidajen biyu, saboda labari yana zagayawa. Ku kuma amince cewa duk wani saɓani da ke tsakaninku zai jira ku a gida, ba za a baje shi a gaban surukai ba. Akwai tambayoyin da ba sa ƙarewa a irin wannan zama, musamman ta haihuwa ga waɗanda ba su samu ba tukuna, da ta albashi, da ta ranar gina gida. Ɗan gidan ne ya kamata ya tare su, ba surukin da kunya ta ɗaure masa baki ba. Wanda aka je gidansu shi ne mai sakin jiki, ya shige cikin 'yan'uwa ana ta hirar yarinta ana dariya, ya manta matarsa tana zaune a gefen kujera da jaka a cinya, tana murmushin dole kan labarin mutanen da ba ta taɓa gani ba. Ya riƙa waiwayarta, ya jawo ta cikin hirar, in ya ga ta gaji ya nema mata uzurin tashi. Masu tafiya da yara kuma su faɗi a fili wanda ke riƙe da wane, musamman a tasha da wurin taro. Yusufu da Maryamu sun yi tafiyar yini guda daga Urushalima suna zaton Yesu, yana ɗan shekara 12, yana cikin ayari, sai bayan kwana uku suka same shi a Haikali.

Ziyarar dangi ba hutu ba ce, ko da an yi ta da kwanakin hutu, domin akwai gaishe-gaishe da aikin gida da taka-tsantsan a cikinta. Hutu na ainihi shi ne wanda ba wanda ke jiranku da wata hidima. Ba lallai a yi nisa ba, amma a yi shi da kuɗin da aka tara, ba da bashi ba. Ku ƙiyasta kuɗin mota ko jirgi, da masauki, da abinci, ku ɗora kashi goma cikin ɗari saboda abin da ba a zata ba, sa'an nan ku raba jimlar gida-gida bisa watannin da suka rage, kuna ajiyewa a asusun da ba a taɓawa. Masu niyyar ƙetare iyaka su duba fasfo tun da wuri, saboda ƙasashe da dama ba sa karɓar wanda ya rage masa ƙasa da wata shida, wasu kuma suna neman katin rigakafin cutar shawara, wanda ba ya fara aiki sai kwana 10 bayan allurar. Ku kuma tattauna abin da kowa ke nufi da hutu, domin sau da yawa ɗaya barci yake so, ɗaya kuma yawon buɗe ido, sai a ba kowa rabinsa. In Lahadi ta riske ku a can, ku nemi cocin da ke kusa ku yi sujada a matsayin baƙi. Zama a kujerar baya ba tare da wani aiki a wuya ba yakan wartsake mutumin da ya saba tsayawa a gaba.

Abubuwan sha'awa ba sa bukatar dogon tsari. Ya isa kowa ya sami nasa guda ɗaya, ku kuma sami guda na tare. Idan miji mai kallon ƙwallo ne, mata kuma mai saƙa ko karatu, ba dole sai ɗaya ya koyi son abin ɗaya ba, abin da ake bukata shi ne a san lokacinsa da iyakar kuɗin da zai ci. Na tare kuwa ya zama mai sauƙi, kamar aikin lambu, ko koyon kiɗa, ko tattaki da yamma. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, wato rabin sa'a sau biyar, kuma ma'auratan da ke yin wannan tattaki tare, waya a aljihu, sun sami lokacin hira ba tare da sun nema ba.

Hidimar coci ce ta fi wuyar taɓawa, domin mai rage ta yakan ji kamar Allah yake ƙi. Ku ɗauki mako guda ku ƙidaya yammacin da ɗayanku ko dukanku ba ku gida: koyon waƙa, nazarin Littafi Mai Tsarki, zumuntar mata, zumuntar maza, taron dattawa, shirin makarantar Lahadi. In lissafin ya kai biyar cikin bakwai, gidan ne ke biyan kuɗin hidimar. Bulus ya rubuta wa Timoti cewa wanda bai iya kula da gidansa ba, ba zai iya kula da ikilisiyar Allah ba, wannan kuwa ya shafi lokaci kamar yadda ya shafi tarbiyya. Shawarata ita ce kowa ya riƙe babban aiki ɗaya ya yi shi da kyau, kuma kada wani ya karɓi sabon muƙami ranar da aka yi masa tayinsa, sai ya koma gida an yi shawara da addu'a. Inda hali ya yi, ku nemi hidimar da za ku yi tare, kamar ziyarar marasa lafiya ko karɓar ƙungiyar addu'a a falonku. Akila da matarsa Bilkisu, abokan aikin Bulus, sana'arsu ɗaya ta ɗinkin tanti, tare suka ƙara wa mai wa'azi Afolos fahimta a birnin Afisa, kuma ikilisiya tana taruwa a gidansu.

Sa'ad da tafiya ta gabato, ku sanar da fasto ko shugaban ƙungiya makonni kafin lokacin, ku kuma nemo wanda zai riƙe muku aikin, ajin yara ne ko jagorancin waƙa, ku miƙa masa komai a rubuce. Wanda ya yi haka ba a cika kiransa a waya yana hutu ba. Zakka da baiko da alkawarin gudummawar gini su ma a yanke su a gida tun kafin a shiga sujada, kada ɗaya ya ɗaga hannu a gaban jama'a ya ɗauki alkawarin da zai cinye kuɗin tafiyar da aka yi wata takwas ana tarawa.

Kalandar za ta sauya, domin rasuwa da rashin lafiya da haihuwa ba sa neman izini. Saboda haka ku riƙa ɗaukar minti goma sha biyar kowace Lahadi da yamma kuna duba makon da ke tafe, sau ɗaya a wata uku kuma ku duba sauran shekarar. Idan larura ta cinye kwanakin da kuka ware wa kanku, kada a share su kawai, a wannan zaman za ku nema musu sabuwar rana ku rubuta, sa'an nan wanda abin ya shafi wurin aikinsa ya je ya gyara takardar hutunsa ranar Litinin.